Kwana Uku Ina Juyawa Daga Bakin Lungunsu

Shekarun baya, lokacin ina sabon ma'aikaci a sakatariya, mahaifin abokina ya rasu a unguwar Kwarbai, ni kuma ban je masa gaisuwa ba. Ba tafiya na yi ba, ba kuma ciwo nake ba. Daga gidanmu zuwa nasu, ko shayi ba zai huce ba.

Tun ina yaro ake yabona da kunya. Mahaifiyata takan ce wa baƙi, "Wannan ai ba a jin bakinsa," ni kuma in sunkuyar da kai ana ta sa mini albarka. Abin da ba su sani ba shi ne, in na hango majalisar dattawa a gabana, gara in yi zagaye ta wajen Ƙofar Kuyambana da in tsuguna in gaishe su. Na san lungunan birnin nan fiye da mai tallan koko, kuma ba son yawo ne ya koya mini su ba.

Abokin nan nawa kuwa tare muka taso tun daga makarantar allo. Shi ne bakina. Ko kasuwa muka shiga, shi yake taya mini kaya.

Jana'iza na samu, don a sahun baya babu mai tambayarka komai. Zaman makokin ne ya gagare ni. Kun san yadda ake yi. An baza tabarmi a ƙofar gida, duk wanda ya zo sai ya cire takalmi, ya zauna, ya ce a yi wa mamaci addu'a, shi kuma ya ja ana amsawa. Ni kuma ɗan gidan malamai ne, na san ina zama wani zai ce, "Malam, bismilla." Ranar farko na sa sabuwar riga, na isa har bakin lungunsu, na hango taron. Nan take na ja na tsaya. Fatihar da nake karantawa kullum na neme ta a kaina na rasa. Na ce bari in dawo bayan La'asar, in mutane sun ragu. Haka na yi ta yi har aka yi sadakar uku aka naɗe tabarmi.

Na tura masa saƙon waya, "Allah ya jiƙan Baba." Bai amsa ba. Wata huɗu ba mu haɗu ba, a unguwa kuma magana ta bazu cewa na samu aikin gwamnati na fara jin kai.

Yayata ce ta tsare ni a gidanta da ke Tudun Jukun. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba ta iya kwana-kwana ba.

"Me ya hana ka zuwa?"

"Yaya, kin san ni da kunya."

"Kar ka ɓata wa kunya suna," in ji ta. "Mai kunya yana zuwa gaisuwa, ya sunkuyar da kai, ya tashi. Kai fa ka je?"

Ta yago takarda daga littafin rubutu ta miƙo mini. Ta ce in rubuta duk wani wuri da haɗuwa da mutane ke tayar mini da hankali. A gaban kowanne in faɗi abu biyu: tsoron kaɗan ne, matsakaici, ko mai tsanani, sannan sau nawa nake zillewa. A can ƙasa kuma in rubuta abin da na taɓa rasawa saboda shi.

Na zaci layi uku zan yi in ba ta abarta. Sai ga ni ina juya bayan takarda. Ɗaukar kiran lambar da ban sani ba. Cin tuwo a faranti ɗaya da baƙi. Shiga ɗakin da mutane suka riga suka zauna. Jan addu'a a cikin taro. Mayar wa tela rigar da ya ɓata, wadda har yau tana cikin akwati hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da na rubuta wannan sai da na yi wa kaina dariya. Da na zo tambayar ƙarshe dariyar ta tsaya. Na rubuta kwas ɗin da na ƙi zuwa don za a sa mu yin jawabi, na rubuta yarinyar da na kasa yi wa sallama a ƙofar gidansu, sannan na rubuta sunan abokina. Gaskiya na ji tausayin kaina ranar.

Yayata ta ce takarda ba likita ba ce, madubi ce kawai, ta haɗa ni da wani likita a wurin aikinsu. Shi ya gaya mini abin yana da suna, tsoron shiga mutane ne da ya wuce ƙima, kuma ana samun sauƙinsa. Ya ce in fara da mafi sauƙi a jerin nawa. Makonni na yi ina koyon gaishe da majalisa ɗaya tak, gemai-gemai da ni.

Ranar da na je wurin abokina, na same shi a zaurensu yana aikin wuyan babbar riga. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Maganar da na shirya ta gudu kamar yadda ta saba, sai kawai na miƙa masa takardar. Ya soke allurarsa a jikin rigar, ya karanta gaba da baya.

"Addu'ar ce ta hana ka zuwa?"

Na ce ita ce.

"Ai malamai sun cika wurin, wa ya nemi taka?" Ya naɗe takardar ya ba ni. "Da ka zo ka zauna kusa da ni ka yi shirunka da ka saba, ya ishe ni. Kwana uku duk wanda ya cire takalmi sai na ɗaga kai."

Har yau abin bai rabu da ni gaba ɗaya ba. Muryata takan yi rawa in na ja addu'a, kuma na gano babu mai lura, kowa amin ɗinsa yake cewa. Abin da nake gaya wa duk wanda ake yabo da kunya shi ne ya zauna shi kaɗai ya tambayi kansa: ina jin nauyi amma ina zuwa, ko kuwa juyawa nake yi? In juyawa ne, ya nemi taimako tun abin bai ci masa wani ba.

Ni da abokina mun shirya tun a zauren nan, bai kuma sake tayar da zancen ba. Amma sau ɗaya mahaifin mutum yake rasuwa, kuma ranar ban zauna kusa da shi ba.