Neman Sanin Gudun Dage

Samaru
Na fito bayan sallar asuba. Dage ne ya addabi akwatunan zumar Kawu Isa a ƙauye, Kawu kuma ya ce tunda na gama jami'a ina zaune, ni zan riƙa gadinsu. Kafin in amsa, na so in tabbatar da abu guda: idan dage ya biyo ni, zan tsira? Abin da na karanta a waya bai zo ɗaya ba.

Kwangila
Bas ɗin da na shiga ta tsaya neman fasinja. Na yi tambayar a hankali, amma kowa ya ji.

Direba ya ce, "Dage? Ya taɓa wuce ni a hanyar Funtuwa, ko hon bai yi ba."

Wata mata mai buhun barkono ta ce, "Da wannan motar taka, Malam, ai ko kunkuru sai ya wuce ka."

Kwandasta ya ce ƙafafunsa gajeru ne, amma huɗu ne, nawa kuwa biyu.

Kasuwar Sabon Gari
An kwatanta mini rumfar Baba Audu, tsohon maharbi mai sayar da magani. Ya ce, "Samari, dage ba barewa ba ne. Sassarfa yake yi, sai dai ba ya gajiya, ba ya fasawa. Kai kana gajiya?"

Na ce ya danganta.

Ya ba ni shawarar a ɗora akwatunan kan dogayen ƙarafa masu santsi. Na karya da koko da ƙosai.

Chikaji
Wani mai walda ya yanka mini ƙarafan, muka loda a keke mai ƙafa uku. Na tsaya sayen ruwa, sai na ga keken ya ja. Ashe wurin tsayawa yake nema, ni kuwa na zata ya gudu da kayan. Na bi shi iya ƙarfina. Keken rarrafe yake saboda nauyi, amma ban cim masa ba sai da ya tsaya don kansa. Na zauna bakin kwata ina haki.

Mai keken ya ce, "Yallaɓai, lafiya? Wani abu ne ya biyo ka?"

Gida
Da la'asar na iso Samaru, na kira Kawu. "Kawu, ƙarafa za su iso gobe, in Allah ya yarda. Gadi kuwa, a ganina, gara a nemi wani."

Ya ce, "Ka gano gudun dagen?"

Na ce, "Nasa ban tabbatar ba. Nawa dai na gano."

Na gode wa Baba Audu da mai keke, na kuma gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya.