Kati Ɗaya, Ƙirji Biyu

Duk wanda ya san Dakta Zakiyya Abdulmuhaimin ya san ta da abu biyu: kunne da riƙo. In ta ɗora abin sauraro a ƙirjin tsoho, tana iya gaya masa shekara nawa ya yi a ramin kuza. In kuwa ka ɓata mata, ba za ta zage ka ba, ba za ta ɗaga murya ba. Ajiyewa take yi, kuma ajiyarta ba ta ruɓewa.

A unguwar Gangare ta Jos aka haife ta. Mahaifinta lebura ne a wurin haƙar kuza, da tarinsa ta tashi, da shi aka yaye ta. Ya rasu tana aji uku a sakandare, likitoci suka ce tarin fuka ne, alhali ƙurar dutse ce ta cinye masa huhu. Wannan ma ba ta yafe ba. Shi ya sa da ta zama likita ta ƙi Abuja, ta ƙi ƙasar waje, ta zauna a wani asibiti a Jos tana bin tsofaffin mahaƙa ɗaya bayan ɗaya. Shekara shida ta yi tana wannan aiki, ta tara mutum ɗari biyu da arba'in. Hotunan ƙirjinsu suna cikin kwamfutar asibiti, sauran labarinsu kuwa yana cikin wani ɗan littafi mai baƙin bango da ba ya barin aljihunta.

Sai ga Farfesa Salisu, shugaban sashe, mutum mai ƙamshin turare wanda rabonsa da taɓa ƙirjin majinyaci har ya manta. Ya kawo wata manhaja mai karanta hoton huhu, da wani magani da yake gwadawa. Ya kwashe aikin Zakiyya kaf ya zuba wa na'ura, ya buga sakamako a mujalla da sunansa. Nata sunan yana can ƙasa a wurin godiya, tsakanin direba da mai buga takardu.

Da ta je ofishinsa, ko kujera bai nuna mata ba.

"Zakiyya, zamanin kunne ya wuce," in ji shi. "Ki yi haƙuri, ke yarinya ce, lokacinki na zuwa."

Yarinyar nan shekararta arba'in da ɗaya. Ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe," ta ja masa ƙofa a hankali.

A ranar ta karanta takardar tasa, ta kai shafi na huɗu, sai ta dakata. Babban abin alfaharin Farfesa shi ne majinyaci mai lamba saba'in da bakwai: hoton farko huhu ya lalace, hoton bayan shekara guda huhu ya washe. Ai ta san lamba saba'in da bakwai. Badung ne, wani tsoho daga Gada Biyu. Ta kuma san abin da na'ura ba ta sani ba. Mutanenmu ba sa ɓata yini guda a layin yankar kati in akwai kati a gida; wa ya zo da shi yau, ƙane ya zo da shi gobe. Hoton farko na Badung ne, na biyun na ƙanensa Natana'el ne, wanda bai fi shekara biyu a rami ba. Irinsu sun kai goma sha tara, duk suna cikin baƙin littafi.

Da ta faɗa a lokacin, da an gyara a ɓoye, Farfesa ya karkaɗe rigarsa ya wuce. Ita kuwa ba gyara take so ba. So take ya faɗi a gaban mutane, a babban taron likitoci da za a yi bayan wata uku, inda aka ba shi jawabin buɗewa.

Sista Magadaliya, tsohuwar nas ɗin sashen, ta tare ta a baranda.

"Dakta, kin ga kwamfuta ta sallami Baba Badung? Wai ya warke. An cire shi daga masu zuwa duk wata, an karɓe tukunyar iskar numfashin da aka ba shi."

"Na gani, Sista."

"To? Mutumin nan ko matakala uku ba ya iya hawa fa."

"Wata uku ne kawai. Da kaina zan mayar da shi."

In ta mayar da shi yanzu, Farfesa zai tambayi dalili, shiri ya rushe. Haka ta gaya wa kanta, kuma wallahi ta yarda da kanta. Wata ukun nan ta yi ƙiba, har waƙa aka ji tana yi a ofis.

Ranar taro zaure ya cika. Farfesa ya sha babbar riga, ya haska hotuna biyu a bango, aka yi ta tafi. Da aka ba da damar tambaya, Zakiyya ta miƙe daga layin baya.

"Ranka ya daɗe, a taimaka a dubi haƙarƙari na shida a dama, a hoton farko. Tsohuwar karaya ce, rami ya rufta masa tun yana saurayi. A hoto na biyu babu ko alamarta. Shin maganin naka har tabon ƙashi yake gogewa?"

Sai wani ya tuntsire da dariya, sai ta bazu. Ta buɗe baƙin littafi ta karanta lambobi goma sha tara, a hankali, kamar mai kiran sunayen ɗalibai. Farfesa ya ɗauki kofin ruwa, ya jiƙa gaban rigarsa. Ta ji daɗi, kada a ɓoye. Daɗin da ba ta taɓa jin irinsa ba tun da ta fara aiki.

Da la'asar ta tari keke napep zuwa Gada Biyu, da takardar mayar da Badung a jakarta. Tun daga bakin layi ta hango rumfa da fararen kujerun roba, mata suna rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Ta tsaya daga nesa.

Natana'el ne ya taso ya same ta. Ba fushi a fuskarsa, gara ma da akwai.

"Sannu da zuwa, Dakta. Shekaranjiya Badung ya rasu. Mun ce ya koma asibiti, ya ce ai injin ya ce ya warke, kar ya dame ku."

Ya laluba aljihu ya ciro katin, ya tsufa har gefensa ya yi laushi, ya miƙa mata da hannu biyu.

"A gyara suna, Dakta. Yanzu ni kaɗai ne a kai."