Ranar da Inna ta Faɗi Sunan Ɗan Farinta

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Challawa ya san warin jima, warin nan na ɗanyar fata da magani da ke sa mutanen cikin mota su toshe hanci suna tsaki. Ni kuwa, ka yi dariya in ka ga dama, buɗe hancina nake yi in shaƙa. A cikin warin nan na fara wayar gari ban ji ƙarar bindiga ba, don haka ba ni da bakin zaginsa.

Ina da shekara shida yaƙi ya koro mu daga Chadi. Mahaifinmu bai fito ba, Allah ya ji ƙansa. Mu uku muka kai bakin kogi: Inna, da ni, da yayana namiji, ɗan farinta, mai shekara goma sha uku. Kwale-kwalen farko ya cika da mata da ƙananan yara, aka ce maza su jira na biyu. Muka haye muka zauna a gaɓa kwana biyu muna kallon ruwa. Na biyu ya zo, na uku ya zo, babu Yaya. Daga nan aka kora mu gaba. Daga wannan mota zuwa waccan, har wani direba mai ɗauko fatu ya sauke mu a ƙofar wani kamfanin jima, a tsakiyar damina, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya.

A wata rumfa daura da ƙofar akwai tsohuwa mai sayar wa ma'aikata shinkafa da wake. Ƴar asalin garin ce, tun kafin kamfanoni su cinye gonakin iyayenta, kowa Iya yake ce mata. Ba ta tambaye mu daga ina muke ba. Ƙafafunmu kawai ta duba, ta ce, "Ku shigo daga cikin ruwan nan." Ta zuba mana abinci har da mai da yaji. Da aka busa jiniyar tashi, sai ta ɗora wa Inna tukunya a ka kamar dama ƴarta ce, muka bi ta gida. Ta kwashe dusa da kara daga wani ɗaki ta ce namu ne. Washegari ta kai mu gaban mai unguwa ta ce, "Baƙina ne," magana ta ƙare. Kafin mako ya zagayo, ma'aikatan da ke cin abinci a rumfarta, ƴan Nijar da ƴan ƙauyukan Hadeja da Gumel, mutanen da su ma kansu ci-rani suka zo, sun kawo mana tabarma da zane da fitila. Wallahi har yau in na tuna, tsigar jikina tashi take yi.

Iya ce ta ji labarin wani ofishi a cikin gari da ke kula da ƴan gudun hijira. Suna rubuta suna su ba da kati, da katin ake karɓar hatsi da bargo da magani, kuma suna cigiyar waɗanda gudu ya raba da danginsu. Ta yafa mayafinta na zuwa biki ta kai mu. Ni da ita muka zauna a gindin darbejiya, Inna ta shiga ita kaɗai. Malamin da ke rubutu ya tambaye ta ƴaƴanta nawa. Ta ce ɗaya. Aka rubuta uwa da ƴa ɗaya, aka buga hatimi.

Kada ka yi saurin zarginta. A tarbiyyar su Inna, ɗan fari ba na uwarsa ba ne a idon jama'a. Ba ta kiran sunansa, ba ta ƙirga shi a cikin ƴaƴanta, ba ta nuna ta damu da shi ko da wuta ya faɗa. Wannan aikin kakanni ne da gwaggwanni, su za su yi kuka, su za su yi cigiya. Inna jira take wani babba ya buɗe baki a madadinta, kamar yadda aka saba. To ina babban? Duk an baro su a ƙetaren kogi.

Damina ta wuce, aka yanke gero, Inna tana ta ramewa. Tana wanke kwanuka a rumfar Iya, amma da an busa jiniya ma'aikata sun fara fitowa, sai hannunta ya tsaya a cikin ruwan wanke-wanke, tana bin fuskokin samari ɗaya bayan ɗaya. Kowace motar fatu ta tsaya sai ta miƙe. Kuma kullum in an zuba mana abinci, sai ta ɗebi rabin nata ta rufe a wani ƙaramin kwano ta tura ƙarƙashin benci. Da yamma ta ba ni in cinye.

Iya ba ta gani sosai da ido ɗaya, amma babu abin da ke wuce ta. Wata rana da hantsi ta jawo kwanon da ƙafa, ta dube ni.

"Ke, wa ake ajiye wa wannan?"

Na ce, "Na Yaya ne. Yana tafe."

Ludayin hannunta ya koma cikin tukunya. Ta juya ta dubi Inna, Inna ta sunkuyar da kai. Iya ba ta nemi ƙarin bayani ba, ita ma ta haifi ɗan fari, ta san ciwon. Salati ta yi, sannan ta ce, "Haba ƴar nan! Wata huɗu kina ƙunshe da wuta a zane? To daga yau ni ce kakarsa. Tashi." Ta bar tukunyar a hannun maƙwabciyarta, ana dab da fitowar ƴan cin abincin rana, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Wannan karon da ni aka shiga ofishin. Iya ta yi bayani, malamin ya dafe kai. Ya jawo wasu takardu ya ce sunayen yaran da aka tsinta ba iyaye ne, suna wani sansani a bakin iyaka, kuma duk wanda ba a zo nemansa ba, ƙarshen watan nan za a kwashe su zuwa wani wuri mai nisa, shi kansa bai san ina ba. Kwana shida ya rage. Ya ɗauki biro ya ce, "Yaya sunan yaron?"

Iya ba ta san sunan ba. Ni kuwa tun da na buɗe ido Yaya na sani, duk gidanmu da laƙabi ake kiransa. Inna ba ta iya rubutu ba balle ta rubuta. A duk faɗin Kano mutum ɗaya ce ta san sunan nan, ita ce kuma wadda bakinta bai taɓa furta shi ba.

Iya ta ce, "Bari, ɗan nan, akwai dabara." Ta gyara zama ta fara jero sunaye, in ta dace Inna ta gyaɗa kai. Ta fara da na annabawa, ta gangaro kan sahabbai, ta shiga na waliyyai, har sunayen ma'aikatan da ke cin abincinta sai da ta bi. Inna na girgiza kai, hawaye na ɗiga a kan gwiwarta. Malamin ya ce ko ya karanto duk takardun, sai ga su shafi kan shafi, ga layin mutane har bakin titi, masinja na leƙowa. Sunan irin na can ƙasarmu ne, na kakan mahaifinmu, Iya ko a mafarki ba ta taɓa jin sa ba. Sunayen da ta sani suka ƙare. Sai ta kama hannun Inna ta ce a hankali, "Ƴar nan, kunya ado ce, amma ba a binne rai da ita. Faɗi. Abin da zai biyo baya a kaina."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Daga ƙarƙashinsa sunan ya fito, ƙasa-ƙasa, malamin bai ji ba. Ya ce, "Na'am?" Sai ta sake faɗa. Jama'a, ban taɓa jin murya irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Ba amsa take bayarwa ba, kiransa take yi, da ƙarfi, irin kiran da ya kamata ta yi a bakin kogi ta haɗiye. Sau uku ta kira. Mutanen da ke layi suka juyo gaba ɗaya. Ni tsoro ya kama ni, na riƙe zanen Iya. Yatsan malamin na gangarawa a kan takarda, ya juya shafi, ya sake juyawa, sannan ya tsaya.

"Yana nan," in ji shi.

Bayan kwana goma motar ofishin ta kawo shi har ƙofar gidan Iya, ya rame ya yi tsawo, sanye da rigar da ta fi ƙarfinsa. Iya ce ta rungume shi tana kuka tana guɗa, ita da ba ta taɓa ganinsa ba. Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ɗago ba. Na dai ga gari na zuba daga rariyar a ƙasa, ba a cikin ƙwarya ba. Ta ce da ni, "Ke, ba wa baƙon nan ruwa."

Yau yawancin kamfanonin nan sun rufe, inda rumfar Iya take an yi shagon cajin waya. Masu gudun hijira har yanzu suna zuwa, amma yanzu hoto ake ɗauka, a dangwala yatsa a na'ura. Ƴata kuwa tun safe take kwaɗa wa ɗan farinta kira da sunansa na yanka, har da sumbata, ni dai sai in kau da kai. Ban ce sun yi laifi ba.

Inna ta ƙara shekara talatin da wani abu a duniya, ba ta sake faɗar sunan ba. Ranar sadakar ukunta, bayan mutane sun watse, Yaya ya zo ya zauna kusa da ni a kan tabarma, da furfurarsa da jikokinsa. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Ke kina wurin. Da gaske ta faɗa?"

Na ce sau uku ma.

Ya ce, "Gaya mini yadda ta faɗe shi."