Injin Niƙana da Ƙamshin Kifi

Jama'a, yau saura kaɗan in rasa masu kawo min niƙa!

Tsohon man suyar kifi na tace, na sarrafa shi ya zama dizal, yadda na gani a Kwatano. Ina tayar da injin, unguwarmu Barade ta ɗau ƙamshin kifi.

Dada Asabe, jagorar matan layinmu, ta janye masararta. "Alhaji, ba ka sa wa tuwona ƙarni."

Na ce, "Dada, hayaƙi ta bututu yake fita. Gidan mai kuwa na bar shi, ko ku zo ko kar ku zo."

Ta shinshina garin da ya fito, ta turo ƙwarya. "Niƙa. In ya yi ƙarni, kai za ka cinye."

Na ce ta haɗo da miya.