Yadda Na Jera Tsohuwar Doha a Bango

Shekarun baya, lokacin ina aikin kafinta a wani shago a Sanaiya, unguwar masana'antu ta Doha, kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya sa na sauko da wani akwatin ƙarfe daga bayan motarsa. Na mahaifinsa ne. Tsohon ya tashi ne a bakin teku, a unguwar da yanzu babu ita, sai tituna da otal-otal. Da ƙarfinsa ya ƙare suka mayar da shi sabon gida a Umm Salal, nesa da ruwa. Tun da aka kai shi ya ƙi fitowa daga ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske. Kullum maganarsa ɗaya ce: a mayar da shi gida.

Kafil ya ce, "Ka yi wa waɗannan firam, ka rataya a majalisa, inda muke karɓar baƙi, wataƙila ya fito ya gani. Ko yaya ka jera babu damuwa. Yalla."

Wannan "ko yaya" ita ce ba ta kwanta mini ba. Ni mutum ne da ko takalma na gani a warwatse a ƙofar masallaci sai na tsaya na daidaita su. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na san abin da ya zo farko shi ake sawa a farko.

A cikin akwatin akwai tsofaffin hotuna, da katunan gaisuwa masu hoton bakin teku, da kwalin ashana na wani otal, da kwalbar lemo, da wani ɗan maƙali da masu nutso neman lu'ulu'u ke matse hanci da shi. Babu kwanan wata a jikin ko ɗaya. Abokina mai fenti, ɗan zangon Kumasi, ya leƙo ya ce, "Malam, manya a sama, ƙanana a ƙasa, halas. Jarrabawa za ka rubuta?"

Na ce, "Kai dai riƙe burushinka."

Na shimfiɗa hotunan a kan teburin aiki na yi ta kallo, har na lura da hasumiyar wani ƙaramin masallaci da ke fitowa a yawancinsu. A wani hoton ruwa na kusa da gindinta, ga jiragen katako a ɗaure. A wani an cike bakin tekun da ƙasa, titi ya shiga tsakani. Daga nan motoci da itatuwan dabino, daga nan otal da masu shan iska, sai dogayen gine-gine, hasumiyar ma ba a ganinta. Ashe kullum garin tura tekun yake yi baya. Da nisan ruwa daga hasumiya na jera su, kowane kaya kuma na sa shi ƙarƙashin zamaninsa: maƙali wajen jirage, ashana da kwalba wajen otal. Na kafa su a bangon majalisa a layi ɗaya, na fara daga hagu, yadda malamin firamare ya koya mini.

Ranar da aka gama, bayan la'asar, kafil ya riƙo hannun mahaifinsa, tsohon yana tafe yana mita. Da suka shigo sai tsohon ya nufi dama. Sai a lokacin na tuna. A nan komai daga dama ake farawa, gaisuwa ce ko zuba gahawa ko karatu. Ni da na yi allo na manta. Abokina ya raɗa mini, "Sarkin tsari, ka sa masa ƙarshe a farko."

Tsohon bai tsaya a kan dogayen gine-gine ba. Da ya iso kwalin ashana sai ya ja birki, ya nuna kafil da sandarsa. "Nan nake kai ku ranar Juma'a. Wannan da kuke gani da gemu, ruwa na taɓa ƙafarsa sai ihu." Kafil ya sunkuyar da kai yana dariya.

Tsohon ya ci gaba. Otal ya wuce, titi ya tsuke, hasumiya ta dawo, ruwa yana matsowa. A hoton ƙarshe ya ɗora tafinsa a kan gilashin ya daɗe. Ya nuna wata ƙofa kusa da masallacin ya ce tasu ce, maƙalin kuma na mahaifinsa ne, da shi yake nutso.

Na matsa na ce, "Baba, a yi haƙuri, a juye na jera. Gobe zan gyara."

Ya harare ni. "Wa ya sa ka? Ɗana, kar ka taɓa ko ƙusa ɗaya. Kowa nuna mini yake yadda garin ya tafi. Kai ne ka nuna mini hanyar komawa." Ya zauna a ƙarƙashin hoton, ya jingina sandarsa, ya ɗaga murya: "Ina gahawa? Haka ake barin mutum a gidansa?"

A wannan kusurwar ya ci gaba da zama, a nan yake cin abinci, a nan yake karɓar baƙi, har Allah ya karɓi abinsa.

Na yi ƙofofi da kabad masu yawa a ƙasar nan, amma babu aikin da nake alfahari da shi kamar wannan bango. Da na bi "ko yaya", da tsohon ya ga tarkace ne kawai a cikin gilashi. Yanzu in na bi ta Kornish, titin bakin teku, ina kallon masu ɗaukar hoto, na san inda suke tsaye a da ruwa ne, ni baƙo na sani. Har gobe a ra'ayina jeren a juye yake. Amma mai bango ya ce kar a taɓa, ban kuwa taɓa ba.