Jiragen da Ɗan Baffana Ya Gani

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, dattawan gidanmu suka ce ɗayanmu ya tafi cin rani. Mu biyu ne samari a gidan, ni da ɗan baffana. Tare aka yi mana kaciya, tare muka bar firamare. Shi aka zaɓa, saboda ƙafar Baba ta kumbura, ba mai kula da shi da awaki sai ni. Ya samu dako a kasuwar Dawanau wajen wani Alhaji mai sayen hatsi.

Da ƙaramar Sallah ya dawo. Bai kawo abin kirki ba, sai labari. Alhajin yana da bidiyo a gidansa na birni, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan bar masu dako su zauna a zaure su kalla. Can ya ga wani fim ɗin Turawa mai kashi uku: mutane a cikin jirage suna yawo tsakanin taurari kamar yadda muke zuwa Ɗambatta, da wasu halittu na ƙarfe masu magana.

Kullum bayan la'asar sai a kewaye shi a gindin darbejiya. Kafin ya tafi, ni ake nema idan ana son hira. Yanzu ko na buɗe baki sai a ce, "Bari ya ƙarasa tukuna." Inna da ke dama mana kunun dusa takan leƙo ta kan danga tana tambaya ko an ceto matuƙin jirgin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba. Wata huɗu ban ji dariyarsa ba, ni da nake gasa masa ƙafa safe da yamma, sai ga shi yana dariya har da tari.

Wata rana na kasa haƙuri. Na ce, "To su waɗannan mutanen naka, me suke ci? Wa ke yi musu noma?"

Ɗan baffana ya ce, "Akwai tauraro guda da ba a komai a kansa sai noma. Damina biyu suke yi a shekara."

Baffa ya girgiza kai ya ce Allah mai iko. Na tashi na tafi wajen awaki.

Sai bayan shekara biyu, da ƙafar Baba ta warke, na bi shi birni. Ya roƙi Alhaji aka sa mana fim ɗin, Juma'a uku a jere. Na zauna ina jiran tauraron manoma. Babu shi. Babu tsohuwar da ya ce ta ɓoye iri a cikin gashinta ta ƙetare sararin sama, wadda Inna ta yi wa hawaye. Jiragen na nan, ƙarar ta cika zauren, amma Turancin bai fi kalma goma muke tsinta ba, daga ni har shi. Ashe hotuna kawai ya gani, sauran duk shi ya ƙaga, yana ɗauke da buhu a ka.

Na so in ji daɗin kama shi, amma ban ji ba. A da ina cewa sa'a ce ya fi ni, an tura shi birni an bar ni. A zauren nan na gane ko ni aka tura, da iyakar abin da zan kawo gida shi ne na ga jirage suna harbin juna.

Muna fita ya tambaye ni, bai kalle ni ba, "Ya ka gani?"

Na ce, "Ba laifi."

Muka tsaya bakin titi muna jiran motar Dawanau. Ya sayi rake ya karya, ya miƙo mini gindin, wajen da ya fi zaƙi. Na karɓa ina sha har motar ta zo.