Yayata da Taswirori Uku

Yayata lissafi ta karanta, ba zanen taswira ba. Ta shekara tara a ofishin ruwa tana tattara rahoton famfunan da suka lalace. A gida kuwa mun san ta da bin diddigi. Ko cewa ka yi an yi ruwa a unguwarku, sai ta tambaye ka wa ya gani.

Wata rana shugaban sashensu ya leƙo ɗan ofishinta mai fanka mai ƙara, ya ce za a haƙa rijiyoyin burtsatse goma sha biyu, ita za ta fitar da ƙauyukan da suka fi nisa da ruwa.

"Ranka ya daɗe, da wace taswira?"

"Ai ga su nan birjik a intanet," ya ce, ya wuce abinsa.

Ta sauke guda uku. Ta farko ta nuna kogi a inda Yaya ta san filin ƙwallo ne. Ta biyu ta ajiye ƙauye ɗaya a wuri biyu. Ta ukun ta sha launi, amma babu sunan wanda ya zana ta balle shekara. Mijinta ya ce ta ɗauki mai kyan ta huta. Ta ce masa ba adon bango take nema ba.

Sai ta kafa wa kanta doka: bayanin da ba ta san wanda ya tattara shi ba, da kuma yaushe, ba zai shiga kwamfutarta ba. Ta nemo hotunan tauraron ɗan'adam masu kwanan wata. Ta je ofishin safiyo, aka haɗa ta da tsohon da ke kula da ɗakin ajiya, wanda ya ce rabon da a tambaye shi takarda shekara shida ke nan. Ya shimfiɗa mata tsofaffin taswirori a ƙasa, gara ta ci gefensu.

"'Yata, wannan da ƙafa muka auna shi," in ji tsohon. "Amma kogi ba ya zama wuri ɗaya. Gani ya kori ji."

Sati uku ta yi a hanya ita da direban ofis, tana tsayawa bakin kowace rijiya tana ɗaukar lambobin da ke nuna ainihin wurin da waya. A bayan wani tsauni suka tarar da ƙauye mai gida arba'in wanda babu shi a kowace taswira, ko a hoton sama itatuwa sun rufe shi. Matan wurin sai sun yi tafiyar awa biyu kafin su ga ruwa.

Wata dattijuwa ta riƙe mata hannu ta ce, "Yanzu da kika rubuta mu, an san da mu ke nan?"

Yaya ta ce ba ta yi alkawarin rijiya ba, amma sunansu ba zai sake ɓata ba.

Da ta dawo, ta haɗa bayanan ta zana tata taswirar. Rijiya takwas kaɗai aka samu haƙawa a shekarar, ta ƙauyen nan tana ciki. Yanzu ma'aikatan lafiya da malaman makaranta suna zuwa neman taswirarta. Tana ba kowa, da sharaɗin wanda ya ga kuskure ya dawo ya faɗa mata. Makon jiya ma wata ungozoma ta kawo mata gyara biyu.